Na ceci yarinyar bidiyo da kuɗin amana, yaron da ke takardata ya rasu

Wasiƙar wannan makon daga unguwar Rigasa a Kaduna ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, kuma ni ke riƙe da asusun wata ƙungiyarmu ta matan unguwa. Mun kai mu 60, kowa na zuba naira 2,000 duk wata. Tun kafin ruwa ya sauka muka tsayar da magana cewa kuɗin bana na yaran 'yan gudun hijira ne, waɗanda suka taso daga ƙauyukan Birnin Gwari suka raɓe a kangwayen bayan unguwarmu: gidan sauro, gwajin jini, magani. Ni na bi ɗaki-ɗaki na rubuta sunayensu, yara 38. Ana haka sai aka turo wani bidiyo a guruf ɗinmu na WhatsApp, wata yarinya 'yar shekara 6 da ake nema wa kuɗin aiki. Wallahi Anti, kamar an tsaga kara ita da autata. Kwana biyu ban runtsa ba. A na uku na cire dubu 450 cikin dubu 600 da ke asusun na tura, ban shawarci kowa ba. An yi aikin, ta tashi. Tun daga ranar na daina leƙa kangwayen, don kada a tambaye ni zancen gidan sauro. Bayan mako uku aka ce min ɗaya daga cikin yaran takardata ya rasu, zazzaɓi ya shanye masa jini. Abin da aka nema a asibiti bai kai dubu 20 ba, uwar ta ji nauyin zuwa wurinmu. Da na ji na yi salati, amma ko ɗigon hawaye bai zo min ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. A watan nan ma wata tsohuwa ta zo nema wa ɗanta taimako, ya karye a babur, ɗan shaye-shaye ne. Ni na fara cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kowa ya bi bayana, ta tafi hannu rabbana. Hajiyar da ke shugabantarmu ba ta san zancen kuɗin ba, ga taro ranar Asabar ta ƙarshen wata. Anti, ni muguwa ce? Kuskure na yi da na ceci yarinyar? Ko in ajiye muƙamin in riƙa mayar da kuɗin a ɓoye?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Allah ya jiƙan yaron, ya sa mai ceto ne, ya ba uwarsa dangana. Yarinyar kuma Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya ta.

Muguwa ba ta kwana biyu ido biyu saboda 'yar wasu da ba ta taɓa gani ba. Amsar tambayarki ta farko ke nan, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Na lura mutum in ya zauna yana auna ko shi mugu ne ko na kirki, yakan shagala da kansa har ya manta akwai masu jiransa a waje. Ke kuwa yara 37 ke jiranki, ga ruwa bai ɗauke ba.

Bari mu fara da hawayen, tunda su suka fi damunki. A shekarar 2007 wasu masana halayyar ɗan Adam su uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun wallafa wani gwaji da ya yi kama da labarinki har abin ya ba ni mamaki. Sun biya ɗalibai dala 5 kowanne ladan cike wata takarda, sannan suka ce wanda ya ga dama ya cire wani abu daga ciki ya ba ƙungiyar Save the Children. Rukuni na farko aka karanta musu alƙaluma: yara sama da miliyan 3 na fama da ƙarancin abinci a Malawi, mutum sama da miliyan 11 na buƙatar agajin gaggawa a Habasha, da ire-irensu. Rukuni na biyu aka nuna musu hoton yarinya guda, 'yar shekara 7 daga Mali, sunanta Rokia, wato Rukayya a bakinmu. Masu alƙaluma suka bayar da dala 1.14 a matsakaici. Masu hoton Rokia suka bayar da 2.38, sama da ninki biyu. Rukuni na uku ne ya fi ɗaure kai. Su an haɗa musu duka biyun, ga hoton yarinyar ga alƙaluman, sai kyautar ta faɗo zuwa 1.43. Wato da aka tuna musu cewa akwai miliyoyi irinta, maimakon hannu ya ƙara buɗewa sai ya ƙara rufewa. Shekara biyu kafin nan, wasu masu bincike biyu a Isra'ila, Tehila Kogut da Ilana Ritov, sun nema wa yaro guda kuɗin magani da sunansa da hotonsa, suka nema wa yara 8 adadin kuɗin nan dai da sunayensu da hotunansu, aka fi ba guda ɗayan. Gaskiya ita ce wasu da suka sake irin waɗannan gwaje-gwaje daga baya sun samu tazarar ba ta kai haka faɗi ba, wani lokacin ma ba ta fito ba sam. Amma ni ba sai an kai ni ɗakin gwaji ba, a garin nan nake.

Ki tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022. Mun san fuskokin waɗanda aka tafi da su, mun san sana'o'insu, mun ga bidiyonsu a daji, mun yi ta alƙunutu har aka sako na ƙarshensu a watan Oktoba. Haka ya kamata a yi musu. To amma kafin wannan dare da bayansa ana ta kashe mutane ana kwashe su a ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da Kajuru, su kuma a labarai sukan zo mana ne a matsayin lamba: mutum goma sha kaza. Ni mai rubuta miki wannan, har yau ina iya kawo sunayen wasu fasinjojin jirgin nan da ka. Ki ce in kawo sunan mutum guda daga waɗancan ƙauyuka, sai in sunkuyar da kai. Haka duniya ta yi da yaƙin Siriya: an kashe mutum wajen dubu 250 ana kallo, sai a watan Satumba na 2015 da aka ga hoton gawar ɗan yaron nan Alan Kurdi kife a bakin teku a Turkiyya, gudummawa ta yi ta kwarara kamar an ɓalle famfo, bayan 'yan makonni kuma ta koma yadda take. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe. Muna faɗin karin maganar kamar yabo ne ga gani, alhali akwai zalunci a cikinta ga duk wanda jin labarinsa kawai aka yi.

Janareton maƙwabci guda ɗaya da tsakar dare ya isa ya hana ki barci. Ki shiga Panteka da rana tsaka, inda guduma da injin walda da na yankan ƙarfe ke tashi ta ko'ina, bayan ɗan lokaci kin daina jin su, har ki yi ciniki lafiya lau. Kunne bai lalace ba, haka aka halicce shi: yana jin bambanci tsakanin shiru da ƙara ɗaya, ba ya jin bambanci tsakanin ƙara arba'in da arba'in da ɗaya. Tausayi ma haka yake. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Jay Lifton, da ya zauna da waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima, ya ji daga bakinsu yadda zukatansu suka daina jin komai a tsakiyar gawarwaki, kamar yadda hannu ke sagewa in an daɗe ana kwance a kansa. Ba don sagewar nan ba da ba su iya ɗaga ƙafa sun gudu ba. Slovic ne ya nuna cewa irin wannan sagewa tana kama mu muna zaune a falo, da zarar mutane sun zama adadi. Yaron nan ya zo miki a matsayin layi ɗaya cikin 38, a takardar da kika rubuta kina sauri. Yarinyar ta zo miki da ido, da murya, da kamannin autarki, kina kwance da waya a hannu, kina iya maimaita ta sau goma. Rashin hawayenki labarin yadda kowannensu ya iso gare ki ne. Ba ma'aunin darajar ransa ba ne, kuma ba ma'aunin imaninki ba ne.

Kin tambaya ko kuskure kika yi da kika ceci yarinyar. Kada ki taɓa yin da-na-sanin rayuwar yarinya. Tana nan tana shan kunu a gaban uwarta, wannan alheri ne, kuma ba zan bari ki mayar da shi abin kunya ba. Kuskuren yana wani wuri dabam, kuma ina jin kin san inda yake, shi ya sa kike tunanin biya a ɓoye.

Da albashinki kika kwashe kika tura, da sai in ce Allah ya saka da alheri, ƙorafi kuma sai dai na maigida. Amma waɗannan kuɗin mata 60 ne, cikinsu na tabbata akwai mai sayar da awara da mai kitso, waɗanda naira 2,000 sai sun ƙulle ta a bakin zani tun farkon wata. Sun faɗa miki abin da suke so a yi da su. Wakili ba ya tsallake abin da aka wakilta shi a kai, ko da abin da ya tsallaka zuwa gare shi alheri ne. Kuma ki lura da kanki: kwana biyu kina juyi a gado, amma ba ki ɗaga waya kin kira Hajiya ba. Kin san za ta iya cewa a'a, kuma a daren nan ba ki shirya jin a'a ba.

Akwai gwajin da ya kama wannan hali dumu-dumu. A 1995 Daniel Batson da abokan aikinsa a jami'ar Kansas suka sa mutane sauraron hirar wata yarinya 'yar shekara 10 mai ciwon ajali, wadda aka ce tana layin jiran magani a wata gidauniya. Aka bayyana musu ƙarara cewa yaran da ke gabanta a layin sun fi ta buƙata ko sun fi ta daɗewa suna jira. Wasu aka ce su saurara da sanyin kai, wasu aka ce su sa kansu a halinta. Sannan aka ba kowa dama ya tsallakar da ita zuwa gaban layi. Cikin masu sanyin kai kashi 1 cikin 3 ne suka yi. Cikin waɗanda aka taso wa tausayi kusan kashi 3 cikin 4 suka yi. Ba ƙin sauran yaran suke ba, ba su ji muryarsu ba ne kawai. Ina yawan tuna wannan gwaji in na ga yadda muke yi a layin asibiti da rabon tallafi, ana tsallakar da wani saboda "abin tausayi ne wallahi". Muna kiran son kai da sunansa in na dangi ne ko na kuɗi. In tausayi ne ya jawo shi sai mu kasa gane shi, don yana zuwa da daɗin zuciya irin na wanda ya yi aikin lada.

Yanzu uwar yaron. Kin ce ta ji nauyin zuwa. Wannan jimla ita na fi tsayawa a kai a duk wasiƙarki. Ki duba abin da mutum ke buƙata kafin ya zama bidiyo: babbar waya, data, ɗan'uwa mai iya tsara magana, lambar asusun banki, da wani mai mabiya da zai yarda ya ɗora. Sannan sai an cire kunya an nuna cikin ɗaki da cikin rauni ga duk duniya. Matar da a ƙauyensu take da rumbu da awaki, ita ke aika wa maƙwabta hatsi, yau tana kwana a kangon da ba ƙofa, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma abin da ya rage mata a duniya shi ne kada a gan ta tana roƙo. Alƙur'ani ya san irinta. A aya ta 273 ta Suratul Baƙara an siffanta matalautan da wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙon mutane. Kuma a hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce miskini ba shi ne mai zagayen nan da loma ɗaya ko biyu ke sallamarsa ba. Miskini shi ne wanda ba shi da abin da zai wadace shi, ba a lura da shi ba balle a ba shi, shi kuma ba ya tashi ya roƙa. "Ba a lura da shi ba." Tun ba a san waya ba aka gaya mana cewa wanda ya fi cancanta ba zai ƙwanƙwasa ƙofa ba, sai an je an nemo shi.

Abin da zan faɗa yanzu ba mai daɗi ba ne, amma kin rubuto ne don a faɗa miki gaskiya. Ba ke kika kashe yaron nan ba. Rai na Allah ne, kuma babu mai iya rantsewa cewa da kin je da ya rayu. Sai dai ki sake duba lissafinki: dubu 150 na nan a asusun ranar da aka nemi abin da bai kai dubu 20 ba. Kuɗi ba su ƙare ba. Abin da ya yanke shi ne ƙafarki. Ke ce kaɗai idon ƙungiyar a kangwayen nan, kuma ɓoye abu ɗaya ya sa kika janye idon har mako uku a tsakiyar damina. Shi ya sa ba na son ko jin shawarar biya a ɓoye. Ɓoyon shi ya fi cire kuɗin tsada, kuma kina neman ki ƙara masa watanni.

Mako uku a damina ba ƙaramin lokaci ba ne ga yaro ƙarami. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suna nuna Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi 1 cikin 4 na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙwayar cutar tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yaron da dama ba ya samun isasshen abinci sai jinin ya yi ƙasa cikin kwanaki kaɗan. Gwajin tsinken yatsa da maganin kwana uku sun isa tare shi in an kama da wuri. Tun 2012 hukumar ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya kowane wata a lokacin damina a irin yankinmu, kuma masu rabon sukan bi gida-gida. To wanda ke kango ba shi da gida a idon mai rabo. Ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da takardarki, ki nuna musu inda yaran suke. Wannan ko kwabo ba zai ci daga asusu ba.

Sai ɗan tsohuwa. A nan ba sagewa ba ce, hukunci kuka yanke, kuma ba ku kai minti biyar kuna shari'ar ba. Wani masani mai suna Melvin Lerner ya yi shekaru yana bibiyar wannan ɗabi'a. A wani gwaji da suka wallafa a 1966 shi da Carolyn Simmons, an sa ɗalibai mata kallon wata 'yar'uwarsu ana jona mata wutar lantarki duk lokacin da ta kuskure amsa. Shiri ne, amma su ba su sani ba. Waɗanda aka ba hanyar taimaka mata sun taimaka. Waɗanda suka ga ba abin da za su iya, kuma wahalar za ta ci gaba, sai suka koma rage mata daraja, suna ganin dama can ba ta da wani kirki. Bayanin Lerner shi ne mutum na son ya yarda duniya tana biyan kowa daidai da aikinsa, don in ba haka ba shi ma bai tsira ba. In ya ga wahalar da ba zai iya gyarawa ba, hanya mafi sauƙi ita ce ya samo wa mai ita laifi. Ki haɗa wannan da halin da kike ciki ranar da tsohuwar ta zo: kin san asusu ya rame, kin san in aka ce a ba ta za a buɗe littafi. Ban ce da gangan kika yi ba. Na ce karin maganar ta zo bakinki a lokacin da kika fi kowa buƙatarta.

Kuma wa ya tsaya a gabanku ranar? Tsohuwa ce, ba ta sha komai ba. Ita za ta kwashe kashinsa da fitsarinsa in ƙafar ta ruɓe.

Sayyidina Abubakar ya fi ku hujja nesa ba kusa ba. Misɗahu ɗan'uwansa ne matalauci da yake ciyarwa, sai ga shi cikin masu yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, 'yar cikinsa. Ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana hana ma'abota falala irin wannan rantsuwa, tana tambaya: ba kwa son Allah ya gafarta muku? Ya mayar masa da abin da yake ba shi. Ga kuma hadisin mutumin da ya fita da sadaka dare uku, ta farko ta faɗa hannun ɓarawo, ta biyu hannun mazinaciya, ta uku hannun mawadaci, gari na ta yi da shi. Aka sanar da shi an karɓa, wataƙila ɓarawon ya daina sata, ita ta kame kanta, shi kuma ya ɗauki darasi ya fara bayarwa.

Ban ce ku damƙa wa mai shaye-shaye tsabar kuɗi ba. Tambayar "in mun bayar zai yi amfani?" tambaya ce ta masu hankali, kuma tana da amsa: a biya asibiti kai tsaye, a sayo magani a kai, a haɗa uwar da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa in ƙafar ta warke, tunda suna duba masu wannan matsala. Tambayar "ya cancanta?" ita ce ba taku ba. Kuma tunda a Kaduna muke, gara ku yi wa kanku wata tambayar tun kafin ta zo muku ba shiri: ranar da mai neman taimakon ta fito daga ƙetaren gada, sunanta ba irin namu ba, wace karin magana za ta zo bakinku?

Ki je wurin Hajiya kafin Asabar. Gidanta za ki je, da ƙafarki, ba saƙon murya ba. Ki tafi da littafin asusu da shaidar tura kuɗin. Ki fara da abin da kika yi, kada ki fara da bidiyon. In kika fara nuna mata yarinyar, kin yi mata abin da aka yi miki, kin sa ta yanke hukunci da jiƙaƙƙen ido. Ki ce, "Hajiya, na cire dubu 450 ba da izininku ba, na kuma ɓoye, ɓoyon ya sa na daina zuwa wurin yaran." Sannan ki yi shiru ki ɗauki abin da za ta faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ta ji daga bakinki a ɗakinta da ta ji a gaban mata 60. A taron ki ce kuɗin bashi ne a wuyanki, ki faɗi abin da albashinki zai iya ɗauka duk wata. In sun yafe wani ɓangare, hakkinsu ne su yafe. Kada ke ki roƙa. Zancen muƙami kuma ki bar musu. Ajiye shi da kanki kafin su yi magana zai yi kama da tuba, amma gudu ne, kuma ke kaɗai kika san wane ɗaki ne na wa a kangwayen nan.

In sun bar ki a kai, ki zama ke ce mai neman a ɗaure miki hannu. Kada kuɗi su ƙara fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku. A raba asusun tun yanzu da hankali ke kwance: kaso mafi girma na abin da aka tsara, ba a taɓa shi ko wane bidiyo ya zo, ƙaramin kaso kuma na gaggawa, don irin yarinyar nan za su ci gaba da zuwa kuma bai kamata a ce musu babu ba. In bidiyo ya motsa guruf, a buɗe masa karo-karo na dabam; za ki sha mamakin abin da za a tara a kwana biyu, tunda fuska tana tara kuɗin da takarda ba ta iya tarawa. Duk roƙon da ya wuce wani adadi ya kwana ɗaya, wata ta je asibitin ta gani da idonta, don kin san a cikin bidiyoyin nan akwai na 'yan damfara. Abu mafi muhimmanci a wurina: ku raba yara 37 ɗin nan a tsakaninku. Kowace mace ta ɗauki ɗaki ɗaya ko biyu, ta san sunayen yaran, ta leƙa duk mako ko ba a kira ta ba. Tunda mun san zuciya fuska take bi, sai a ba kowane yaro wadda ta san fuskarsa. Ku koya wa iyayen abin da ba a kwana da shi a gida: tafin hannu da cikin ido su yi fari, jijjiga, yaro ya ƙi nono ko ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, numfashi sama-sama. Ku ba su lambar da za su kira, ku gaya musu kuɗin dama nasu ne, ba roƙo suke ba.

Wata rana za ki ji wata murya a ranki tana cewa me yara 37 za su rage a cikin dubban da ke warwatse daga Rigasa zuwa Mando. Ita ma an gwada ta. A wani bincike na 1997 mutane sun ɗauki ceton rai 4,500 a sansanin 'yan gudun hijirar Ruwanda mai mutum 11,000 da muhimmanci fiye da ceton rai 4,500 ɗin nan dai a sansani mai mutum 250,000, kamar yawan waɗanda ba a kai gare su ba yana rage nauyin waɗanda aka ceta. Uwar da ɗanta ya kwana a gidan sauro ba ruwanta da wannan lissafi.

Kafin duk wannan, gobe da safe, ki je ta'aziyya. Kada ki tafi da ambulan a hannu kamar mai biyan diyya, kada kuma ki je ki sauke mata nauyin zuciyarki har ta koma ita ke ba ki haƙuri. Ki zauna a tabarmarta, ki yi addu'a, ki tambaye ta da wane suna take kiransa a gida, me yake so, ya fara magana ko bai fara ba. Wataƙila hawayen su zo a nan, wataƙila kada su zo. Ba su kika je nema ba. In yana da ƙani ko ƙanwa, ki buɗe tafin hannunsu ki duba, ki ja fatar idonsu ki gani. Daga nan ki bi sauran ɗakunan da takardarki da biro, ki tambayi kowace uwa wa ya yi zazzaɓi a makon nan.

A hanyar dawowa ki nemi gidan tsohuwar. In kin samu dama ki sake rubuto min, ina so in ji halin da ƙafar ɗanta take ciki.